Tambaya da Amsa: Bafulatanar da Aka Zana Ba Fuska

Tambaya: Assalamu alaikum. A wani otal da ke nan Gombe na ga zanen wata Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono, amma mai zanen bai yi mata ido ko baki ba. Ƙawata ta ce ƙwaryar tana nuna arzikin Arewa ne, ni kuwa rashin fuskar ne ya tsaya mini a rai. Yaya ake fassara irin wannan zane? Daga wata ɗaliba, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Alama a zane ba ta da ma'ana ɗaya tak, domin al'adar mai zanen ce ke ɗora mata ma'ana. A zanen wasu ma'aurata da Jan van Eyck ya yi a 1434, wanda ke ajiye a Landan, akwai ɗan kare a ƙafafunsu, kuma masana da yawa suna ɗaukarsa alamar riƙon amana a aure, alhali Bahaushe zai ga kare a ɗakin amarya ya ce cin mutunci ne.

Fassarar ƙawarki ba ta yi nisa da gaskiya ba, tunda ko a bayan takardar naira 10 irin waɗannan mata ne da ƙwaryarsu. Sai dai a ruga ƙwarya kayan matar ne, ita ke tallan nonon, kuma bisa al'ada kuɗin nata ne, don haka ni na fi ganin ƙwaryar a matsayin shaidar guminta kafin ta zama ta arzikin yanki.

Damuwarki game da fuskar tana kan hanya. Wani mai zanen yakan bar fuska saboda taka-tsantsan na addini, kuma wannan dalili ne da ya kamata a girmama. Amma sau da yawa an mayar da matar ado ne kawai, ta wakilci al'ada, ita kanta kuwa ta ɓace. Ki gwada da Tutu, zanen da Ben Enwonwu, ɗan Onitsha, ya yi wa gimbiyar Ife, Adetutu Ademiluyi, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, wanda aka sayar fam miliyan 1.2 a Landan a 2018. Mutane sun ɗauke shi alamar sulhu, duk da haka tana da sunanta, tana da irin kallonta.

Idan kin koma otal ɗin, ki duba hannayen matar da yanayin tsayuwarta, ki ga ko mai zanen ya nuna nauyin ƙwaryar a wuyanta.