Kicin Dinmu: Kukis din Quaker dina ya baje a tire

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya gida ya yara? Don Allah ki taimaka min, sau biyu kenan ina gwada kukis din Quaker Oats, na farko ya baje a tire duk ya hade kamar wainar fulawa, na biyu na kara fulawa sai ya fito kamar dutse yara ma sun kasa tauna shi. Bota kuma narkawa nake a wuta kafin na zuba. Ina kuskurena yake? Kanwarki daga Dorayi.

AMSA: Wa alaikumus salam kanwata. Ai kin riga kin fadi matsalar da bakinki, narka botar nan ce. Bota so ake tayi laushi kawai, yadda in kin danna da yatsa zai shiga amma bata zama mai ba, a haka ne in kika buga ta da sukari take daukar iska ta rike kwabin. In ta narke kuwa da zafi ya taba kwabin zai zube kafin ya kama jikinsa, balle a Kano lokacin bazara da zafi ke kaiwa digiri 40, bota a kan tebur ma da kanta take narkewa.

Ga yadda nake yi. Bota rabin kofi, sukari kashi 3 cikin 4 na kofi, ki buga har yayi haske, ki fasa kwai 1. A gefe ki hada fulawa kashi 3 cikin 4 na kofi, bekin soda rabin karamin cokali, garin kirfa kadan, gishiri dan mitsitsi, sai Quaker kofi 1 da rabi. Ni rabin sukarin nan da mazarkwaila nake maye gurbinsa, na goge ta a abin goga kubewa, saboda danshin rake dake cikinta yana sa kukis yayi taushi da dan danko, ga kamshin da farin sukari bazai taba baki ba wallahi. Dabino yankakke ko zabibi ko gyada soyayya duk suna shiga.

Da kin zuba fulawa ki daina bugu, ki juya da muciya har farin garin ya bace shikenan, yawan juyi ne da karin fulawar da kikayi suka maida na biyun dutse. Sannan ki rufe kwabin kisa a firij minti 30, in babu wuta ki dora kwanon a kula mai kankara, don Allah kar ki tsallake wannan, botar zata daskare Quaker din kuma ya sha ruwan kwabin yayi laushi. Ki diba da cokali ki jera da tazarar yatsu 3 tsakani, obin ya riga yayi zafi a digiri 180 na Celsius, minti 10 zuwa 12. Ki sauke da gefen yayi ja ko da tsakiyar na da taushi kina ganin kamar bai gasu ba, ki barshi a tiren minti 5 zai karasa da kansa.

TAMBAYA: Anti ni bani da obin, ko zan iya? Daga Kurna.

AMSA: Sosai ma 'yar uwa. Ki samu babbar tukunya mai kauri ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri a kasa, ki dora murfin wata karamar tukunya ko duwatsu 3 don farantin kukis din kar ya taba yashin, ki rufe ta dauki zafi minti 10 kafin kisa kukis din. Wuta kadan a kasa, garwashi kadan a kan murfi don saman yayi ja. Ki fara gwadawa da guda 2 tukunna ki ga yadda wutarki take ci kafin ki jera sauran.