Jiha, tarayya da hurumi: amsar tambayoyinku kan kotuna

Wani ɗalibi daga unguwar Zango ya aiko yana cewa: Malam, kullum in na kunna rediyo sai in ji babbar kotun tarayya ta ce kaza, babbar kotun jihar Kano ta ce kaza, to mu ma ai jiha ce, ina kotun jihar Damagaram take?

Ɗana, kalmar jiha ce ta ruɗe ka ba wani abu ba. Asalinta Larabci, ma'anarta ɓangare ko wajen da mutum ya fuskanta, shi ya sa za ka ji tsoho ya ce hadarin daga jihar gabas ya taso. Da aka zo raba ƙasa sai aka ɗora mata nauyin mulki, mu a Nijar muka kira yankunanmu takwas jihohi, ƴan Nijeriya suka kira nasu 36 jihohi, masu fassarar labarai kuma suka ce Amurka na da jihohi 50. Sunan ne kawai ɗaya. Gwamnanmu daga Yamai ake naɗo shi, jihar ba ta yin dokarta, saboda haka ba ta da kotun kanta. Gidan shari'ar da ka sani nan cikin gari, da kotun ɗaukaka ƙara ta Zinder, duka na ƙasa ne, zama kawai suke yi a nan. Ita kuwa jihar Kano tana da majalisar da ke yin doka, dole ta samu alƙalan da za su yi hukunci da dokar.

Tarayya kuma ba baƙuwar kalma ba ce, daga tara ta fito, in ƴan'uwa suka gaji gona ba su raba ba ai cewa muke sun yi tarayya a kanta. Gwamnatin tarayya ita ce wadda jihohi suka haɗu a kanta kowace ta sakar mata wani abu na ikonta, kamar soja da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje, ta riƙe sauran.

Wata malamar makaranta daga Magarya ta ce tana jin ana cewa kotu ba ta da hurumin sauraren ƙara, ita kuma hurumin da ta sani fili ne.

Malama, ba ki yi kuskure ba, filin ne dai. Hurumi shi ne filin da aka keɓe a gefen gari, na kiwo ko na maƙabarta, wanda ba mai ikon sa masa garma ya ce nasa ne. Ni a ganina cikin duk kalmomin da ƴan jarida suka ɗauko don harkar kotu babu wadda ta zauna daram kamar wannan, don kowace kotu da iyakar da aka shata mata, in ta ƙetare ko hukuncin ya yi daidai a banza.

A Amurka abin ya fi fitowa fili, don tsari biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Na tarayya matakai uku ne: kotunan farko 94, sama da su kotunan ɗaukaka ƙara 13, sannan kotun ƙoli a Washington mai alƙalai 9, adadin da ke nan tun 1869. Shugaban ƙasa ke zaɓo alƙalan tarayya, majalisar dattawa ta amince, kuma ba su da wa'adi sai mutum ya mutu ko ya ajiye da kansa ko an tsige shi. Huruminsu bai da faɗi kamar yadda mutane ke zato, abin da ya shafi tsarin mulki ne da dokokin tarayya da rigima tsakanin jiha da jiha da makamantansu. Amma sata, kisa, aure da saki, gado, rikicin haya, mafi yawan abin da ke kai talaka gaban alƙali, na jiha ne, kowace jiha da kotunanta har zuwa kotun ƙolinta, a jihohi da yawa ma ƙuri'a ake jefa wa alƙalai kamar ƴan siyasa, abin da ni dai har yau yake ba ni mamaki. In kotun ƙolin jiha ta fassara dokar jiharta magana ta ƙare, Washington ba ta sa baki sai in akwai batun dokar tarayya ko tsarin mulki a ciki. Suna ma yana yaudara, a jihar New York kotun da ke ɗauke da sunan ƙoli ta matakin farko ce, Texas kuwa manyan kotuna biyu gare ta, ɗaya ta laifuka ɗaya ta sauran ƙararraki.

Nijeriya ta ɗauki rabin wannan ta bar rabi. A ƙasa akwai babbar kotun tarayya, akwai babbar kotun kowace jiha, akwai kotunan shari'ar Musulunci a jihohin arewa da nasu matakin ɗaukaka ƙara, amma jiha ba ta da kotun ƙolin kanta, a sama duk hanyoyin haɗewa suke yi a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya sannan kotun ƙoli ta Abuja. Mun ga aikin hurumi ƙiri-ƙiri a 2024 lokacin rigimar sarautar Kano, bayan an mayar da Muhammadu Sanusi II kan gadon sarauta, kotun tarayya ta ba da umurni ta wannan ɓangare, kotun jiha ta ba da nata ta wancan, ƴan sanda suka rasa takardar da za su bi. A farkon 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta ce maganar sarauta ba hurumin kotun tarayya ba ce, aka kuma nufi kotun ƙoli.

Wani ya tambaya a taƙaice, lauya ko aboka wanne ne Hausa? Duka aro ne, ɗaya daga Ingilishi ɗaya daga Faransanci, kamar yadda kotu aro ce alƙali ma aro ne daga Larabci, ya dai riga su zuwa. In da ƴan Damagaram kake magana ce aboka abinka, in rubutu ne da za a karanta har Kano sa lauya.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ne a Mirya, yana son bayanin karin maganar nan: shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba.

Baba, kun fi mu sanin inda ake faɗarta. Ba zagin alƙali ba ne, jan kunne ne ga wanda ya tabbata shi ke da gaskiya. Wa da ƙane sun zo ƙofar mai gari kan iyakar gona, wan ya rantse ga kututturen gawon da mahaifinsu ya nuna masa, ƙanen ya ce ai an gusar da shaidar tun bara, mai gari ya yi ta lallashi, wan ya miƙe yana kaɗe riga yana cewa shi sai gidan shari'a, to nan ne wani tsoho zai ce masa zauna, shari'a mace ce da ciki. Don a tsarinmu sarki da mai gari sulhu suke yi, in an amince a rubuta takarda kowa ya sa hannu, in an ƙi sai gaban alƙali, shi kuma in maganar gona ce ko gado ko aure zai zauna da masana al'ada, shaidu na iya juyewa, takardar da kake taƙama da ita ta zama ba ta da ƙarfi, ko ka ci a matakin farko abokin shari'arka ya ɗaukaka ƙara a rushe hukuncin. Wasu na haɗa ta da shari'a saɓanin hankali, amma ba ɗaya ba ne, ta mace da ciki kafin hukunci ake faɗarta, ta saɓanin hankali kuwa sai an fito daga kotu, a bakin wanda ya sha kaye da danginsa.