Don ba ka gani a allo ba, ba shi ne babu ba

Ka ce a CapCut na wayarka kana gama bidiyo nan da nan, amma da ka zauna gaban Premiere, manhajar yanka bidiyo ta kwamfuta, sai ka ji kamar an ɗaure maka hannu, shi ne kake tambaya ko ba gara mu koma wa mai sauƙin ba. Tambayarka tana kan hanya, ɗana, kuma ba zan raina CapCut ba. Kamfanin ByteDance, masu TikTok, sun yi shi ne don wanda bai taɓa yanka bidiyo ba, kuma sun iya. Idan tallar minti ɗaya ce ta mai sayar da atamfa, yi ta a can, ba laifi.

Sai dai sauƙi iri biyu ne. Akwai na ranar farko, akwai kuma na ranar da aka kawo maka biki sukutum, kamu da ɗaurin aure da dina, kyamara biyu, mai biki yana ta kira wai jibi yake so. Manhajar waya teburin mai shayi ce, duk abin da yake da shi yana gabanka. Premiere da takwaransa DaVinci Resolve kuwa Kantin Kwari ne: abin da aka baje a gaba kaɗan ne, kayan suna sito, sai ka san abin da za ka tambaya.

Ga misali a hannunka. Jiya na ga kwamfutar tana cijewa da hotunan 4K, masu tsabta da nauyi sosai, kana danna wasa tana tsalle-tsalle, har ka fara cewa ta tsufa. Ba ta tsufa ba. Ka zaɓi kilif ɗin duka a akwatin Project, ka danna maus ta dama, ka shiga Proxy, ka zaɓi Create Proxies. Za ta yi maka kwafi marasa nauyi, wato furoksi, ka yi aiki da su, lokacin renda kuma, wato fitar da kammalallen bidiyon, ta koma kan na asali da kanta. To, a nan mutane da yawa suke tsayawa, don bayan an gama sai su ga har yanzu tana cijewa. Maɓallin kunna furoksin ne ba a fili yake ba. Dubi ƙasan allon Program, can gefen dama, akwai ƙaramar alamar tarawa. Danna ta, ka jawo Toggle Proxies ka ajiye cikin sauran maɓallan. A ganina abu mai amfani irin wannan bai kamata ya ɓuya ba, kuma idan ka ce masu manhajar sun gaza a nan, zan yarda da kai. Amma yana nan.

Haka batun murya. Ka zauna kana matsa sautin rikoda kaɗan-kaɗan don ya dace da bakin mai jawabi, idonka har ya yi ja. Zaɓi hoton da sautin tare, danna dama, Synchronize, ka ce ta bi sauti. Muddin kyamarar ta ɗauki murya ko da mai ƙura ce, za ta haɗa su.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne wannan: duk aikin da ka ga kana maimaitawa har ya fara gundurarka, wani edita ya riga ka gundura da shi shekaru da suka wuce, kuma an yi masa gajeriyar hanya. Premiere tun 1991 yake, Avid ma, wata manhajar yanka bidiyon, ya girme shi. Saboda haka idan ka ji wuya, kada ka daure. Tsaya ka nema. Danna dama a kan komai, kilif, sarari, kan layin sauti, domin kowane wuri da jerin da yake fitarwa. Akwatin Effects yana da wurin bincike a sama, rubuta abin da kake so maimakon buɗe folda bayan folda. Ctrl da Alt da K kuma zai buɗe maka taswirar kibod gaba ɗaya. Ni na fi son yaro ya ɓata rabin awa a wannan taswirar da ya kwana yana kallon koyarwar yadda ake sa hoto ya yi juyi.

Hannunka na hagu ya koyi J, K da L: baya, tsaya, gaba, idan ka ƙara danna L ya ƙara gudu. I da O su ne farko da ƙarshen abin da za ka ɗauka. Waɗannan iri ɗaya ne a Premiere da Resolve da Avid da Final Cut, ka ga ba asara. A Premiere ka ƙara da Q da W, masu datse gaban kilif ko bayansa zuwa inda ka tsaya, su rufe giɓin nan take. Aikin da kake yi da reza, abin yanka kilif na Premiere, ka goge, ka jawo, danna ɗaya ne.

Masu manhajar su ma suna kokawa da tambayar taka. A 2011 Apple ya sake gina Final Cut daga tushe don ya yi sauƙi, sai ya fito babu haɗa kyamarori da yawa, kuma ba ya buɗe tsofaffin ayyuka. Ƙwararru suka yi ca, da yawa suka koma Premiere da Avid, sai a farkon 2012 aka maido da haɗa kyamarorin. Blackmagic, masu Resolve, kuwa wata hanya suka bi: a 2019 suka ƙara wa Resolve shafin Cut don aikin gaggawa, suka bar shafin Edit yadda aka saba. Na fi ganin hikimar wannan. Resolve yana da na kyauta, kuma za ka iya sa kibod ɗinsa ya bi tsarin Premiere, don haka idan ka samu kwamfutarka ka fara da shi.

Gobe in sha Allahu ka ɗauki hotunan kamun nan. Ka fara kwafe sikwens ɗin, wato jerin kilif ɗin da kake yanka, don ka taɓa duk abin da kake so ba tare da fargaba ba. Ka yi furoksi, ka haɗa sautin, sannan ka yi yankan farko da kibod. Zai yi maka nauyi da safe. Inda ka maƙale, rubuta a takarda abin da kake so ya faru, bayan La'asar mu nemo shi tare.