Sakamakon gwajin jinina ya ɗan hau, shin akwai matsala?

Tambaya: Likita, ni direba ne a Makka, shekarata 46. Sukarina kafin karin kumallo 108, kitsen jini na tiraigilisarayid 190, kitse mai amfani wato HDL 36. An ce ba ni da ciwon suga. Shi ke nan?

Amsa: Malam, da sauran magana. Gaskiya ne a gwajin sukarin safe, wato kafin karin kumallo, ciwon suga daga 126 yake farawa. Amma mu likitoci abu biyar muke haɗawa mu duba: sukarin safe daga 100, tiraigilisarayid daga 150, HDL ƙasa da 40 ga namiji ko 50 ga mace, hawan jini daga 130/85, sai faɗin ƙugu da ya wuce santimita 102 ga namiji, 88 ga mace. Wanda ya haɗa uku ya shiga yanayin da ke share fagen ciwon suga da ciwon zuciya, kuma kai ka cika ukun tun ba a auna tumbinka ba. Abin da ke tayar min da hankali, ba inda zai yi maka ciwo. Jiki ne ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, sai sukari da kitse su riƙa taruwa a jini.

Yanzu ne gyara ke da sauƙi. Rage tulin shinkafar kabsa, ka bar lemon kwalba da shayi mai zaƙi da ake sha a mota. Na san zafin Makka, don haka yi tafiyar minti 30 bayan Asuba ko Isha'i, kwana biyar a mako. Bayan wata uku ka sake gwaji.

Tambaya: Daga Jidda nake, ina da ƙarancin jini. Gwajin HbA1c zai yi min?

Amsa: Hajiya, wannan gwaji yana nuna matsakaicin sukarin kusan wata uku: 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, 6.5 ciwon suga. Sai dai da jajayen ƙwayoyin jini yake aiki, shi ya sa ƙarancin jini ko sikila, wadda ta yawaita a cikinmu, kan karkatar da sakamako. Ki faɗa wa likitanki, a haɗa miki da gwajin sukarin safe.

Tambaya: Ina Madina. Gahawa da dabino ɗaya za su ɓata gwajin safe?

Amsa: Za su ɓata, ɗan'uwa. Awa 8 zuwa 12 ba ci, ruwa kawai. In kana shan maganin suga, tambayi likitanka lokacin shansa a ranar.