Amsar tambayarka kan yaron nan namu da ke ƙasar ƙanƙara

Salamu alaikum ƙanena, ya gida ya iyali, ya mutanen Haɗeja. Saƙonka ya same ni tun ranar Laraba amma na bari sai da zuciyata ta ɗan kwanta kafin in amsa, don gaskiya maganar ta ɗan sosa min rai. Ka ce ka kalli bidiyon da babban ɗana ya turo daga Rasha, ka ji yana haɗa Hausa da Larabci da Faransanci, sai ka tambaya wai shin yaranmu na nan Kusiri ta ƙasar Kamaru har yanzu Hausawa ne kuwa, kuma me ya kai ɗan Musulmi ƙasar da aka ce rana ba ta faɗuwa, ya yake da salla da azumi. Toh bari in fara da ƙasar, don na lura a bidiyon harshen yaron kawai ka saurara, abin da yake nuna maka da yatsa ba ka kalla ba.

Garin da yake sunansa Murmansk, can ƙuryar arewacin Rasha a bakin teku, karatun harkar kifi ya kai shi, kuma kar ka yi mamaki, jikan masunta ne. Garin ya haye layin nan na taswira da muke koya wa yara a lise, wato sakandare, layin da yake wajen digiri 66 da rabi arewa, duk wanda ya wuce shi zai ga ranar da rana ba ta fito ba sam da kuma ranar da ta ƙi faɗuwa. A wurinsu daga farkon Disamba zuwa wajen 11 ga Janairu, kwana 40 ke nan, ba sa ganin ƙwayar rana, sai wani ɗan haske da tsaka kamar na bayan magariba, sannan daga ƙarshen Mayu har wajen ƙarshen Yuli tana nan a sama tana zagaye dare da rana. Shekara 27 na yi ina zana wa ɗalibai wannan a allo da alli, amma wallahi sai ranar da ya kira mu ƙarfe 12 na darensu ya juya wayar muka ga rana tsaye a kan duwatsu sannan abin ya shige ni, mahaifiyarsa ta yi ta salati.

Filin da ya ɗauka a bidiyon shi ake kira tundura. Ka duba da kyau, babu itace ko ɗaya, iya ganinka. Ba sare su aka yi ba kamar yadda aka yi wa dazukanmu, sanyi ne da iska suka hana, ko a watan da ya fi ɗumi matsakaicin zafin ba ya kai digiri 10, kuma a mafi yawan irin wannan ƙasa, musamman in ka nausa gabas cikin Sibiriya, in ka haƙa rami kaɗan sai ka tarar da ƙasa daskararriya kamar dutse wadda ba ta narkewa shekara da shekaru, saman kawai ke saki in ɗumi ya zo, to saiwa ina za ta bi. Abin da ke ba ɗalibai mamaki kullum shi ne in na ce musu ruwan da ke sauka a yawancin tundura a shekara bai kai wanda muke samu a Kusiri ba, sau da yawa ƙasa da milimita 250, mu kuwa muna samun ninkinsa. Amma da yake ƙasan ya toshe ruwa ba ya nitsewa, rana kuma ba ta da ƙarfin shanye shi, sai wurin ya zama fadama da tafkuna birjik, ga sauro, yace min Baba sauron can ya fi na bakin kogin Logon namu yawa, sai dai ba ya sa zazzaɓi.

Tsirran wurin duk a kwance suke. Akwai gansakuka iri iri, akwai wani farin abu mai kama da soso da ke lulluɓe ƙasa, akwai kuma itatuwa na gaske waɗanda danginsu a kudu dogaye ne amma a can ba sa wuce idon sawu ko gwiwa, suna rarrafe a ƙasa don su kauce wa iska. Yace ya taka wani ya zaci ciyawa ce sai abokinsa yace masa wannan itacen zai iya girme ka. Wata biyu kacal suke da shi su yi ganye su yi fure su zuba iri, kamar dai yadda tsidau da ƙarangiya ke hanzari a dajinmu in ruwan farko ya sauka.

Wancan farin sosan shi ne abincin barewarsu da hunturu, wata babbar barewa mai ƙaho reshe reshe, mace da namiji duk suna da ƙaho, tana tona dusar ƙanƙara da kofato ta ci abin da ke ƙasa. Akwai mutanen da kiwonta ne rayuwarsu, Sami a yankin da yake, Nenets kuma can gabas a Yamal, waɗannan na Yamal suna tashi da garke da tantinsu na fata su bi makiyaya arewa da ɗumi su dawo kudu da sanyi, abincinsu da suturarsu da abin hawansu duk daga jikinta. Da na ba kawuna labari, yayan mahaifiyata na wajen Larabawa Shuwa wanda ya tsufa a bayan shanu, bai yi mamaki ko kaɗan ba, tambayarsa ɗaya ce, yace me ke kashe musu dabba. Nace masa a hunturun 2013 zuwa 2014 ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara a Yamal sannan ya daskare ya zama kamar faranti, dabbobi suka kasa fasawa, dubun dubata suka mutu da yunwa alhali abincin na ƙarƙashin ƙafarsu. Tsohon ya yi shiru, can yace irin 1984 ɗinmu ke nan, ya share ido da gefen rawani. A farin shekarar nan garkensa ya ƙare saura 'yan ƙwarori.

Sauran dabbobin ba zan ja ka da nisa ba, akwai yanyawar da ke sake gashi ta koma fara fat da sanyi, akwai farar mujiya, akwai wasu ƙananan ɓeraye da kusan kowa a kansu yake rayuwa. Farar beyar ɗin da kake gani a talabijin tana can kan ƙanƙarar teku tana farautar dabbobin ruwa, bai taɓa ganinta ba, kuma tsuntsun nan mai tafiya a tsaye kamar mutum ba ya arewa sam, na kudancin duniya ne, su biyun ba su taɓa haɗuwa ba.

Maganar salla da azumi, ka kwantar da hankalinka. Shekararsa ta farko azumi ya faɗo a Yuni, rana ba ta faɗuwa, ya kira hankali tashe, na je na samu limaminmu na unguwa, yace malamai sun yi magana a kai tuntuni, wasu sun ce a bi lokutan Makka wasu sun ce a bi gari mafi kusa da ake samun dare da yini, ya bi abin da Musulmin garin suke bi kar ya ware. Haka ya yi, yana buɗa baki da dabino rana na haska masa fuska ta taga. Uwarsa ce ta ɗora shi a kan wannan tun yana ƙarami, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau.

Na san abin da ake faɗa a gida, ba yau aka fara ba, wai mun auri ƙabilu mun narke. Uwar yaran nan Kotoko ce, eh, kuma Kotoko su ne masu garin nan, da sarautarsu da Musuluncinsu tun kafin kakanmu ya san hanyar gabas. Kakanmu ya bar Haɗeja da ƙafa da niyyar hajji ta hanyar Fort-Lamy, wadda aka mayar Njamena a 1973, guzuri ya ƙare masa a bakin kogi, ya tsaya kamun kifi da sayar da banda don ya tara na gaba, mutanen nan suka ba shi masauki suka ba shi fili, daga baya suka ba ɗansa mata. Bai kai Makka ba Allah ya jiƙansa, kabarinsa na nan. To mu da aka yi wa wannan karamci sai mu ce 'ya'yansu ba su isa mu aura ba? Matata ta koyi Hausa a ɗakin kakata har ta fi ni karin magana, tuwon dawa da miyar kuka da take yi in ka ci za ka rantse a Haɗeja aka tuƙa, in ta yi kisra da miyar kuɓewa kuma mu ci mu gode Allah. Shekarar da muka zo biki wata daga cikin gwaggonninmu ta riƙa nuna ta tana cewa ga matar Bafaranshen nan, a gabanta, kamar ba ta ji. Ba ta ce komai ba sai da muka wuce Gamboru a hanyar dawowa sannan ta yi kuka. Ban taɓa gaya wa kowa a gida ba sai kai yau.

Harshe kuma, yaron da ya tashi a Kusiri dole ya yi Larabci don shi ne na kasuwa, dole ya yi Faransanci don shi ne na makaranta da ofis, in ya gangara Marwa ko Garwa ya tsinci Fulatanci, yanzu ga Rashanci ya ƙaru. Hausa ita ce ta cikin gida, da ita ake yi masa faɗa da ita ake sa masa albarka. In ya ce lise ko lopital kai ma ai kana cewa sakandare da asibiti, naka aron daga Ingila nasa daga Faransa, ban ga wanda ya fi wani tsarki ba. Abin da nake yarda da kai a kansa, kuma yana damuna, shi ne rubutu, yaranmu ba sa koyon rubuta Hausa a makaranta, ƙananan ma in sun rubuto min saƙo da ƙa'idar Faransanci suke rubutawa, sai in ga ou a inda ya kamata u. Wannan kam ciwo ne, ina zaunar da jikoki ranar Asabar muna yi kaɗan kaɗan.

Amma abin da yaron yake nuna maka a bidiyon, wanda ya sa muryarsa take rawa har harsunan suka cakuɗe masa, tsuntsu ne. Ka koma ka kalla, wajen ƙarshe, gefen wani ɗan tafki. Mu nan in ruwan Logon ya fara janyewa bayan kaka, fadamun da ke tsakaninmu da Waza da gonakin shinkafa na wajen Maga sukan cika da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, launin ƙasa ƙasa, ba su da wani kyau, in suka tashi kamar hayaƙi, suna tsintar shinkafar da ta zube. A littafin Faransanci combattant ake ce masa, wato mai faɗa, kakanmu kuwa 'yan cin rani yake ce musu, yace ba a taɓa ganin ƙwansu ko sheƙarsu ba, in bazara ta matso sai a wayi gari babu su. Ɗan nan nawa yana yaro nakan ɗauke shi a bayan keke mu je kallonsu, yana tambayata Baba ina gidansu, ina ce masa arewa can inda littafi ya ce. To shi ne ya je ya same su a gidan. A can suke yin ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, kuma namijin da muka sani ba ado, a can sai ya fito da wani tulin gashi a wuya kamar an naɗa masa rawani da alkyabba, wani fari wani baƙi wani ja, su taru a fili suna tsalle suna kai wa juna hari don mata su zaɓa, shi ya sa aka ce masa mai faɗa, mu duk zamanmu da shi ba mu taɓa ganin faɗan ba. Ɗan tsuntsun da bai kai tantabara nauyi ba, ya ƙetare teku ya ƙetare Sahara duk shekara ya zo ya ci shinkafarmu. Kuma ba mu kaɗai yake zuwa wa ba, irinsu ne ke sauka a fadamar Haɗeja da Nguru, a bayan gidanku, ka tambayi duk wani manomin shinkafa a can zai nuna maka su.

Abin da ke tsorata ni yanzu, yace malamansu na cewa arewan can tana ɗumama fiye da ko'ina a duniya, daskararriyar ƙasar tana saki, kurmi na matsowa cikin filin. Mu ma nan ruwa ya rikice, wata shekara fadama ta ƙi cika, wata shekara kamar 2022 kogi ya shigo mana har cikin unguwanni mutane suka kwana a kan hanya. A idona dai garken tsuntsayen da nake gani yanzu bai kai na lokacin da nake goya shi a keke ba.

Yaron zai zo hutu a Janairu in Allah ya kai mu, lokacin tsuntsayen na nan. Ka zo, shekara 11 rabon da wani daga gida ya tako nan, mu ne kullum a hanya in an yi rasuwa ko biki. In hanyar Gamboru ba ta kwanta maka a rai ba ka biyo ta Yola da Garwa, zan turo a tarbe ka a tasha. Ka taho min da littattafan koyon karatun Hausa na 'yan firamare ko guda 5 ne saboda jikokin nan, uwargida kuma tace a gaishe da gwaggo, a tambaye ta ko ƙafar ta yi sauƙi.