Ga mai tambaya kan harbin barewa a dajin gwamnati a Wiskonsin

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka. Ka ce ka gama ajin koyon riƙon bindiga, ka yanki lasisi, ka je kewaya wani dajin gwamnati kusa da Madison, babban birnin jihar Wiskonsin ta Amurka, har ka zaɓi bishiyar da za ka yi dako a kanta, da ka koma sai ka tarar wani ya ɗaura kujerarsa a jikinta. Kana son sanin ko kana da ikon tashinsa, kuma yaya baƙo, baƙar fata, zai zauna lafiya da Turawa masu bindiga a tsakiyar daji. Na daɗe ina shiga dazuzzukan jihar nan, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Ba ka da ikon tashinsa, shi ma ba shi da ikon tashinka. A dajin gwamnati babu mai wuri. Ɗaura kujera a bishiya ba ya mallaka wa mutum bishiyar, kuma hukumar albarkatun ƙasa ta jiha, wadda kowa ke kira DNR, ta faɗi haka a fili. Ƙa'idarta ma ita ce, a filayen da take kula da su kudu da babbar hanya mai lamba 64, kowa zai sauke kujerarsa ya tafi da ita idan lokacin harbi ya ƙare a ranar. A arewacin hanyar ne aka yarda a bari ta kwana, shi ma da sharaɗin a rubuta suna da adireshi ko lambar mai ita a jiki. Madison kudu take, saboda haka idan filin na DNR ne, mai yiwuwa mutumin naka ya saɓa doka. Amma kada ka taɓa kujerar nan, kada ka hau, kada ka sauke. Idan abin ya dame ka, ka sanar da malamin daji, aikinsa ne. Dazuzzukan gundumomi kuwa kowanne da tasa ƙa'idar, sai ka karanta allon da ke bakin shiga.

Shawarata dai ka bar masa wurin, domin bishiyar da kai sabon shiga ka gani ka ce ta yi, wasu da yawa sun gan ta. Kakar bindiga a nan kwana 9 ce kacal, tana buɗewa ranar Asabar ɗin da ke gabanin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, kuma mutanen da ke fita sun haura rabin miliyan. Safiyar farko za ka ji harbi ta ko'ina tun gari bai gama wayewa ba. Barewar da ka gani tana kiwo hankali kwance a watan Oktoba, ba ita za ka tarar ba. Da ta ji ƙarar ƙofofin motoci da warin mutane, ta bar fili ta shige duhuwa.

A nan ne na ga mutanenmu da yawa suna ɓata wa kansu rai a banza. Suna ɗaukar sauran maharba a matsayin masu ɓata musu farauta, alhali a dajin kowa da kowa mutanen ne ke tuƙa dabbar. Wanda ya taɓa bin farautar gayya a gida ya san wannan: masu kora suna tayar da nama, mai rabo shi ne wanda ya tsaya inda naman zai ɓulla. Bambancin kawai, a nan masu korar ba su san kora suke yi maka ba. Don haka idan na buɗe taswira, ba barewa nake fara nema ba, mutane nake nema. Ina wurin ajiye motoci, ina hanyoyin ƙafa, ina yawancinsu za su zauna. Galibi ba sa nisa da mota, saboda sanyi da kuma tunanin wahalar jan gawa. Sai in duba inda ke da wuyar shiga, fadama mai ruwa zuwa gwiwa, ko sarƙaƙiya, ko bayan tudu, in zauna a bakin hanyar da dabba za ta bi ta gudu can, iska tana bugo fuskata don kada ta sansano ni. Wani lokacin ma ba nisa ake bukata ba. Akwai ɗan ƙurmi a gefen titi da kowa ke wucewa da sauri don ya raina shi, barewa tana kwance a ciki tana kallonsu. Sai dai ka tuna doka ta hana farauta a cikin ƙafa 50 daga tsakiyar titi.

Kuma kada ka tashi da hantsi. Wajen ƙarfe goma sanyi ya ci mutane, su fara saukowa suna komawa mota shan kofi, da azahar su dawo. Wannan zirga-zirgar tana tayar da dabbar da ta kwanta. Mafi yawan barewar da Allah ya ba ni a dajin gwamnati tsakanin hantsi da azahar na same su. Ka tafi da abincinka da ruwan zafi, ka yi alwala tun daga gida, ka yi sallarka a gindin bishiya bayan ka cire harsashi. Idan aikinka zai bari, Talata da Laraba sun fi Asabar nesa ba kusa ba, daji ya yi shiru. Kuma tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ka tanadi wurare uku ko huɗu tun yanzu, idan ka tarar da motoci a na farko ka wuce na biyu ba tare da ɓacin rai ba.

Sai maganar hulɗa, wadda ita ce ta fi damunka, kuma ban ga laifinka ba. Yawancin rigima ana kashe ta ne a wurin ajiye motoci, kafin a shiga daji. Idan ka tarar da mutum yana shiri, ka gaishe shi, ka tambaye shi ta wane ɓangare zai shiga, ka gaya masa naka. Wanda ya riga isowa shi ke zaɓa, wannan al'adar kowa ya san ta. Mafi yawansu mutanen kirki ne, manoma da leburori da tsofaffin da suka gaji abin daga iyayensu. Akwai dattijon da ya taɓa barin dakonsa ya taya ni jan barewa har mota, bai san ko sunana ba. Idan kana tafiya cikin duhu ka ga an haska maka tocila daga saman bishiya, ma'anarta akwai mutum a nan. Ka haska masa alamar ka gani, ka kauce ka yi nisa, kada ka zauna inda yake hango ka. Kai ma idan wani ya nufo ka, haka za ka yi masa, ko ka yi ɗan fito. Kada ka yi shiru kana kallonsa har ya zo ƙarƙashinka, tsorata mai bindiga ba wasa ba ne.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai marasa mutunci. An taɓa zagina a daji, an ce in koma inda na fito. Abin da na yi shi ne na juya bakin bindiga ƙasa, na ce masa ya wuni lafiya, na tafi. Ka san tarihin jihar da kake ciki. Ranar 21 ga Nuwamba 2004, a gundumar Sawyer, wani ɗan ƙabilar Hmong, 'yan asalin Asiya, daga jihar Minesota mai suna Chai Vang ya hau kujerar dako a filin wasu ba da izini ba. Masu filin suka zo, magana ta yi zafi, ya harbe mutum 8, 6 suka mutu. Shi ya ce sun zage shi da launin fata kuma su suka fara harbi, waɗanda suka tsira suka ce shi ya fara, kotu ta same shi da laifi ta yi masa ɗaurin rai da rai. A Janairun 2007 kuma aka kashe wani ɗan Hmong, Cha Vang, a dajin gwamnati kusa da garin Peshtigo bayan ya yi sa-in-sa da wani Bature maharbi. Har yau mutanen nan ba su manta ba, kuma baƙo a daji yana tafiya ne da wannan nauyin ko ya sani ko bai sani ba. Duka biyun da cacar baki suka fara. Idan mutum ya ɗaga murya, kada ka tsaya nuna masa kana da gaskiya. Ka tafi, ka riƙe lambar motarsa, ka kira hukuma daga inda kake da aminci. Akwai dokar da ta hana takura wa mai farauta bisa ƙa'ida, kuma ta shafe ka kamar yadda ta shafi kowa.

Darasi na biyu daga abin da ya faru a Sawyer shi ne iyaka. A Wiskonsin ba dole ba ne mai fili ya kafa allo, kai ne za ka san inda ƙafarka take. Ka sa manhajar taswira irin onX Hunt a wayarka, ka sauke taswirar tun a gida don sau da yawa babu sabis a daji. Ko barewar da ka harba ce ta tsallaka filin wani ta faɗi kana ganinta, ba ka da ikon shiga sai da izininsa. Ka ajiye bindiga a mota, ka je ka buga ƙofa. Da yawa suna yarda. Saboda wannan ne ba na zama dab da iyaka.

Rigar nan mai ruwan goro kada ka yi wasa da ita. Doka ta ce aƙalla rabin tufafinka na sama daga ƙugu ya zama ruwan goro mai ƙyalli, ko ruwan hoda mai ƙyalli da aka halatta a 2016, hula ma haka. Idan bukka ka kafa a ƙasa a filin DNR, ita ma sai ka liƙa mata ƙyalle mai irin wannan launi da ake gani ta kowane gefe. Kada ka leƙa mutum ko motsi ta madubin bindiga, abin hangen nesa daban ake saye. Kuma a dajin da ke cike da jama'a, kada ka harbi barewar da ke tsaye a kan tudu sama ce bayanta, ba ka san inda harsashin zai sauka ba. Idan bizar karatu ko ta aiki gare ka, lasisin farautar nan shi ne ya halatta maka riƙe bindiga a dokar tarayya, ka tabbata yana jikinka kuma bai ƙare ba.

Abin da ya fi haɗa maharba faɗa shi ne barewa ɗaya harbi biyu. Ka harbe ta, ta ruga, ka ji harbi a gaba, ka bi jini ka tarar da wani tsaye a kanta. Al'adar masu bindiga a nan ita ce wanda ya kayar da ita shi ke ɗauka, masu baka kuwa suna ba wanda ya fara yi mata raunin mutuwa. Wasu sukan duba raunukan tare su daidaita cikin mutunci. Ni ba na jayayya ko kaɗan, kuma ga mu Musulmi akwai dalili bayan zaman lafiya. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya ambaci sunan Allah idan zai saki kibiya ko kare, ya kuma hana shi ci idan ya tarar da wani karen tare da nasa, tunda bai san wanne ya kashe ba. Dabbar da ban tabbata harsashina ne ya kashe ta ba, me zan kai wa iyalina? Sai in yi masa murna in koma wurina. Ka yi bisimilla kafin ka danna kunama, ka tafi da wuƙa mai kaifi, idan ka iske ta da rai ka yanka. Maganin wannan matsalar tun farko shi ne harbi mai kyau a bayan kafaɗa, daga nisan da ka gwada a filin koyon harbi ka san kana samu. Barewar da aka samu a huhu ba ta nisa.

Idan Allah ya ba ka, kada ka feɗe ta a kan hanya ko kusa da motoci, ka ja ta gefe. Ka yi mata rajista ta waya ko intanet kafin ƙarfe 5 na yammacin washegari. Kuma tunda kudancin jihar kake, ka kai kan a yi gwajin cutar ƙwaƙwalwar barewa da ake kira CWD, wadda a jihar nan aka fara gano ta a yammacin Madison a 2002. Gwajin kyauta ne, ka ajiye naman a firiza har sakamako ya fito, idan tana ɗauke da ita hukumomin lafiya sun ce kada a ci.

Kakar farko kada ka shiga kai kaɗai, kuma ka gaya wa iyalinka dajin da za ka da lokacin da za ka fito. Mu muna da wurin mutum ɗaya a mota ranar buɗewa, idan kana so ka yi mini magana ta gefe mu je filin harbi tukuna in ga yadda bindigarka take.