Duk Komik Ɗina Sun Haɗe Wuri Ɗaya A Komga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da littattafan labarin zane, wato komik, sama da ɗari huɗu a kwamfuta, wasu CBZ, wasu CBR, wasu PDF. Na saka su a Komga, manhajar tsara komik da karanta su, sai duk suka fito a matsayin labari guda. A wayata kuma fitowa ta 10 tana zuwa kafin ta 2. Ko in kai kwamfutar Computer Village, kasuwar kwamfuta da waya ta Legas? Daga ɗan'uwanku a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ajiye kuɗin danfonka, ɗan'uwa, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Ina kyautata zaton duk fayilolin a folda ɗaya ka zube su, ita kuwa Komga kowace folda tana ɗaukarta a matsayin jerin labari guda. Buɗe babbar folda, a cikinta kowane labari ya samu tasa, ka sa mata sunan labarin da shekarar da ya fara fitowa. Shekarar nan tana da amfani sosai, domin kamfanonin Amurka irin su Marvel da DC sukan sake fara labari daga lamba 1 da tsohon sunansa. Kavita ma, wata manhaja irin Komga, ba ta son fayil yana yawo a babbar folda shi kaɗai.

Batun 10 da 2 kuwa, wasu manhajoji harafi-harafi suke jera suna, sai su ga 1 ya riga 2. Ka sa sifiri a gaba: 001, 002, 010. Haka ma hotunan shafukan da ke cikin fayil ɗin. Idan Windows kake amfani da ita, PowerRename da ke cikin manhajar PowerToys ta Microsoft zai sauya maka sunaye da yawa lokaci guda. Windows ba ta karɓar alamar tambaya, tauraro ko ɗigo biyu a sunan fayil, ka cire su.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne CBZ. Ba wani abu ba ne illa ZIP, wato fayil mai ɗaure wasu fayiloli wuri ɗaya, da aka sauya wa suna, CBR kuma RAR ne, wani nau'in ɗauri irinsa. Ka warware CBR da manhajar 7-Zip, ka sake ɗaure hotunan a ZIP, ka mayar da ƙarshen sunan .cbz. Dalili shi ne a cikin CBZ ake saurin saka ɗan fayil mai suna ComicInfo.xml, wanda ke ɗauke da sunan labari, lambar fitowa, marubuci da mai zane. Komga da Kavita duk suna karanta shi, kuma yana tafiya tare da littafin ko ka sauya manhaja. Manhajar ComicTagger kyauta ce, tana cike shi daga Comic Vine, rumbun bayanan komik na intanet. Ayyukan masu zanenmu na gida ba lallai ka same su a can ba, sai ka zauna ka rubuta da hannu, kuma wallahi sun cancanci wannan ɗawainiyar. A cikin ComicInfo.xml ne za ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda suke, sunan fayil kuma ka bar shi da haruffa marasa lanƙwasa.

Kafin ka taɓa komai, kwafe foldar gaba ɗaya a filashi. Ka san halin wutar Legas, in ta ɗauke kana tsakiyar ɗaure fayil, yana iya lalacewa. Fara da labari ɗaya, ka sa Komga ta sake dubawa, in ya fito daidai sai ka bi sauran.